Na fi su Turanci amma kullum su ke cinye ni a Scrabble: waɗanne gajerun kalmomi zan fara haddacewa?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗalibi da ke buga Scrabble da abokansa a ɗakin kwanan makaranta. Ya ce a aji duk ya fi su Turanci, amma da an zauna gaban allo sai su yi masa fintinkau da wasu 'yan guntayen kalmomi da bai taɓa jin su ba. Ya shiga intanet ya tarar da jeri iri-iri: kalmomi masu Z, masu ƙarewa da X, masu Q babu U, masu wasula zalla, har kansa ya ɗaure. Yana so ya san wanne zai fara haddacewa, da kuma ko dole ne sai ya san ma'anarsu.

Ƙanena, abokanka ba su fi ka Turanci ba, sun dai fi ka sanin allo. Kai kana neman doguwar kalma mai kyan gani, su kuma suna neman wurin da harafi ɗaya zai biya su sau biyu. Abin da ke buɗe irin wannan wuri shi ne kalmomi masu harafi biyu. Don haka ka ajiye duk jerin da ka kwaso tukuna, ka fara da waɗannan, kada ka taɓa wani abu sai sun zauna maka daram.

Kafin nan sai ka san da wane ƙamus kuke wasa, domin nan ne jerin intanet ke ɓatar da mutane. Ƙamusun gasa iri biyu ne. Amurka da Kanada suna da nasu. Yawancin sauran duniya, har da Najeriya da Gana da Kenya da Ingila, suna bin Collins Scrabble Words, wanda ake sabuntawa lokaci-lokaci; an yi bugu a 2015, da 2019, da 2021, da 2024. A bugun Collins na 2019 kalmomi masu harafi biyu 127 ne, bayan an ƙara EW da OK da ZE a kan 124 na da. Na Amurka 107 ne. Yawancin shafukan da ke fito maka in ka yi bincike na Amurkawa ne, wato in ka haddace nasu ka bar kalmomi 20 a ƙasa, cikinsu har da JA da ZO da ZE da KO da CH, waɗanda ake cin wasa da su. Wasannin waya kuwa kowanne da nasa tsarin. Words With Friends, alal misali, ƙamusunsa daban, makin haruffansa ma daban. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke buga na Faransanci su ma wata duniya ce: ƙwayoyinsu 102, kuma K da W da X da Y da Z kowanne maki 10 ne. Duk abin da zan faɗa nan a kan Collins ne.

Bari in nuna maka a kan allo, ka gani da idonka. A ce abokinka ne ya buɗe wasa, ya ajiye TAME a layin tsakiya, harafin M a kan tauraro, wato gidan tsakiyar allo. Makin haruffan 6 ne, tauraro ya ninka, ya tashi da 12. Kai kuma a hannunka akwai O, X, E, N da wasu uku. Wanda bai san ƙananan kalmomi ba zai ratsa E ɗin TAME ya sauko da OXEN daga sama zuwa ƙasa, ya samu maki 20, ya ji ya yi ƙoƙari. Wanda ya sani kuwa sai ya kwantar da OXEN gaba ɗayanta a ƙarƙashin TAME, harafi ƙarƙashin harafi: O a ƙasan T, X a ƙasan A, E a ƙasan M, N a ƙasan E. Yanzu karanta daga sama zuwa ƙasa: TO, AX, ME, EN. Duka huɗun halastattu ne. A wannan layin, gidan da X ya faɗa da gidan da N ya faɗa duk masu ninka harafi biyu ne. To lissafa: OXEN ta ba ka 20, domin X ya zama 16, N ya zama 2. AX ta ba ka 17, domin X ɗin nan an sake ƙirga shi da ninkinsa. TO 2, ME 4, EN 3. Jimla 46, da ƙwaya huɗu kacal, a kan mutumin da ya samu 12. Da EXIT ce a hannunka ita ma za ta kwanta a wurin: TE, AX, MI, ET. Babu wata kalma mai wuya a nan in ban da EN da TE da ET, kuma rashin sanin su ne kawai ke hana mutum ganin wurin. Wannan shi ne abin da abokanka ke yi maka.

Yanzu ga hanyar haddar. Da yawa daga cikin kalmomin nan ka riga ka san su tun firamare: AM, AN, AS, AT, BE, BY, DO, GO, HE, IF, IN, IS, IT, ME, MY, NO, OF, ON, OR, SO, TO, UP, US, WE da makamantansu. Sauran kuma suna zuwa ne gida-gida. Akwai sunayen haruffan Turanci da kansu: AR, EF, EL, EM, EN, ES, EX. Akwai haruffan Girkanci: MU, NU, PI, XI. Akwai muryoyin waƙa da ake koya wa yara: DO, RE, MI, FA, SO, LA, TI, da 'yan'uwansu TE, SI, UT. Akwai sautin da mutum ke yi in ya yi mamaki ko yana tunani ko yana kira: AH, AW, EH, ER, EW, HA, HI, HM, HO, MM, OH, OI, OW, OY, SH, UH, UM, YO. In ka bi su a haka ba za ka ji nauyinsu ba.

Mai jin Hausa kuma yana da wata garaɓasa da Bature ba shi da ita. Fiye da 20 daga cikin kalmomin nan, a rubuce, daidai suke da kalmomin da kake furtawa kullum: AI, AN, BA, BI, DA, FA, IN, JA, KA, KI, KO, MA, ME, MU, NA, NE, SO, TA, TO, YA, ZA, ZO. Ka ce "ba za ka zo ba", kowace gaɓa a cikinta kalma ce da Collins ya yarda da ita. Haka "ko za ta zo", haka "ai mu ne", haka "in na bi ka". Ma'anarsu a Turanci daban ce: ZA gajarta sunan abincin nan ne na Italiya, fiza, ZO wata dabba ce ta ƙasar Tibet, haɗin saniya da takwararta mai gashi ta kan duwatsu, KA kurwa ce a addinin Misirawan da, AI wata dabba ce mai nawa a dazukan Kudancin Amurka. Amma inda garaɓasar take, nan ramin yake. Hannunka zai riƙa kai wa ga KU, NI, SU, KE, CE, CI, FI, GA, JE, JI, SA, WA, YI, saboda idonka ya saba da su, alhali babu ko ɗaya a ƙamus. MU ta halatta, KU ba ta halatta ba. NE ta halatta, CE ba ta halatta ba. ZO ta halatta, JE ba ta halatta ba. Ka rubuta waɗannan haramtattun a shafi guda ka haddace su kamar yadda ka haddace halastattun, domin a gasa in ka ajiye kalmar banza aka ƙalubalance ka, kwashe ƙwayoyinka za ka yi, kuma ka rasa wannan zagayen.

Yadda za ka gane sun zauna shi ne ka ɗauki farar takarda ka rubuto su da ka, harafi bayan harafi. Masu farawa da A 16 ne, masu farawa da E 13, masu farawa da O 17, masu farawa da U 8. In ka ƙirga ka ga ba su cika ba, ka san akwai wadda ta zille. Ranar da ka rubuto 127 ba tare da leƙe ba, ka wuce mataki na gaba.

Mataki na gaba shi ne manyan haruffa huɗu: Q da Z masu maki 10, J da X masu maki 8. A cikin ƙwayoyi 100 da ke jaka kowannensu guda ɗaya ne, kuma sababbin 'yan wasa kan riƙe su zagaye bayan zagaye suna jiran wata gagarumar kalma. Kuskure ne. Babban harafi ba doguwar kalma yake so ba, gida mai ninki yake so, da wasali a gefensa. In Q ya hau gidan da ke ninka harafi uku, ya yi QI a kwance, ya yi QI a tsaye, ka tashi da 62: 31 sau biyu. Z ma haka, da ZA ko ZE ko ZO. J da JA ko JO zai ba ka 50. X ya fi su duka daɗin sha'ani, domin shi kaɗai ne ke tafiya da kowane wasali: AX, EX, OX, XI, XU. Shi ya sa gogaggen ɗan wasa ba ya yarda ya ajiye wasali dab da gida mai ninka harafi uku matuƙar X ko Z ba su fito ba. Kai ma ka fara lura da wannan: kafin ka ajiye kalma, dubi abin da ka buɗe wa na gabanka.

Q na so in daɗe a kansa, domin shi ne ke kashe wasa. U guda 4 ne kawai a jaka, kuma wanda ya riƙe Q yana jiran U tamkar yana wasa da ƙwaya shida ne maimakon bakwai. In kuma wasa ya ƙare Q na hannunka, bambancin maki 20 ne ya hau kanka. Mafita ita ce kalmomin Q marasa U. QI ce uwarsu, kuma I guda 9 ne a jaka, don haka da wuya ka rasa. Sai QAT, ganyen nan da ake taunawa a Yaman da Habasha, sai QIN, wani abin kiɗa na Sin. Daga nan kuma duk wanda ya zauna a makarantar Islamiyya zai ga ya shigo gida, domin yawancinsu daga Larabci Turanci ya aro su: QADI shi ne alƙali, FIQH fiƙihu, QIBLA alƙibla, WAQF waƙafi, TALAQ saki, NIQAB niƙabi, FAQIR faƙiri, QASIDA ƙasida. Akwai QAID, akwai QANAT, akwai TRANQ da QOPH. SUQ, wato kasuwa, tana da U amma a gaban Q, ita ma tana fitar da mutum kunya. Ɗan wasan Landan sai ya yi ta fama kafin waɗannan su zauna masa. Kai abin da ya rage maka shi ne ka riƙe yadda aka rubuta su. In U ɗin ya samu kuwa, ga QUA, QUAI, AQUA, QUIZ.

Wannan taskar ba a Q kaɗai ta tsaya ba. A wajen J akwai HAJ, HADJ, HAJI, HIJAB, HIJRA, JIN, DJIN, TAJ, RAJ. A wajen Z akwai AZAN da ZAKAT. IMAM, EMIR, AMIR, SURA, UMMA, HALAL duk suna ciki. NAIRA da KOBO ma halastattu ne, haka OBA da KOLA da IROKO. Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka duk abin da ka sani daga Larabci ko daga gida ya shiga. Duba kowace a ƙamus kafin ka dogara da ita.

Sai kalmomi masu harafi uku. A Collins sun haura 1,300, kuma nan ne mutane ke karaya, saboda suna ɗaukar jerin daga A su nufi Z. Ba haka ake yi ba. Ka koye su ta hanyar abin da 'yan wasa ke kira ƙugiya: harafi ɗaya da ake maƙala wa kalma a gaba ko a baya ta zama wata. Ɗauki ZO: a gabanta A ko D, ka samu AZO da DZO, a bayanta A, L, O, S, ka samu ZOA, ZOL, ZOO, ZOS. Ɗauki ZA: ZAG, ZAP, ZAS, ZAX. Ɗauki AX: FAX, LAX, MAX, PAX, RAX, SAX, TAX, WAX, ZAX, sannan AXE ta baya. QI tana karɓar S da N. JO tana karɓar B, E, G, L, R, T, W, Y, amma ba ta karɓar S. JOS sunan gari ne, ba kalmar Scrabble ba ce, kuma da yawa sun ƙone a kanta. JA ma ba ta karɓar S. XU kuwa ba ta karɓar komai, gaba ko baya, don haka in kana so ka toshe wuri, ita ce ƙofar ƙarfe. Amfanin koyo ta wannan hanya shi ne yadda kalmar za ta zo maka a allo ke nan. Ba wanda zai tambaye ka "kawo kalma mai farawa da D". Abin da za ka gani shi ne ZO a kwance da fili a gabanta, kuma ko ka san DZO ko ba ka sani ba.

Cikin masu harafi uku, fara da masu ɗauke da J, Q, X, Z, domin ba su da yawa kuma su ne masu tsoka: ADZ, BEZ, BIZ, COZ, FEZ, FIZ, WIZ, ZEA, ZED, ZEE, ZEK, ZHO, ZIN; DEX, HEX, KEX, LEX, LOX, LUX, NIX, OXO, OXY, PYX, REX, VEX, VOX; JAI, JAK, JEE, JEU, JUD, GJU. Bayan su sai V da C. Waɗannan biyun suna da wani hali: babu ko kalma ɗaya mai harafi biyu da ke ɗauke da V, C kuma sai CH kaɗai. Ma'ana ba sa kwanciya a gefen wata kalma cikin sauƙi, don haka suna maƙalewa a hannu. Ka san VAC, VAU, VAV, VAW, VEE, VIA, VIE, VIM, VLY, VOE, VUG, da masu ƙarewa da V irin su DEV, GUV, LAV, LEV, LUV, REV, TAV. Wannan halin nasu kuma makami ne: in kana gaba da maki kana so ka rufe allo, ajiye V ko C a bakin layin da kake tsoro, ka ga yadda abokin wasa zai rasa inda zai jingina.

Akwai kuma ranar da jaka za ta juya maka baya, ka ɗebo wasula kusan zalla. A ce hannunka E, I, I, O, U, R, T. Mutum na iya musanya ƙwayoyi, in dai akwai aƙalla 7 a jaka, amma zagayen ya tafi ba maki. Wanda ya san EUOI sai ya zubar da wasula huɗu a tashi ɗaya, ya ci ɗan makinsa, ya rage I, R, T, waɗanda haruffa ne masu kyau. Irin waɗannan kalmomi ba don maki ake koyon su ba, don wanke hannu ne. Masu harafi biyu: AA, AE, AI, EA, EE, IO, OE, OI, OO, OU. Masu uku: AIA, AUA, AUE, EAU. Masu huɗu da ke cin wasali uku suna da dama: AGUE, AJEE, BEAU, CIAO, EMEU, ILIA, INIA, IXIA, JIAO, LIEU, LUAU, MOUE, NAOI, OUZO, UNAI, UNAU, ZOEA. Masu biyar: AALII, ADIEU, AIOLI, COOEE, MIAOU, OIDIA, OURIE, QUEUE, URAEI. A ganina, bayan masu harafi biyu, babu jerin da ya kai wannan saurin biyan wahalar mai shi, musamman masu cinye I biyu ko U biyu, domin maimaituwar waɗannan haruffa ita ce ta fi lalata hannu. In kuma baƙaƙe ne suka taru maka, ga CH, HM, MM, SH, ST, ga BRR, CWM, HMM, NTH, PHT, PST, SHH, TSK, TWP, PFFT, PSST, ban da masu Y irin su FY, KY, NY, PYX, VLY.

Dalilin da ya sa nake ta maganar wanke hannu shi ne ladan maki 50 da ake ba wanda ya zubar da ƙwayoyinsa bakwai a zagaye guda. Mutane na ɗauka sa'a ce ke kawo shi. Gajerun kalmomi ne ke kawo shi. Kowane zagaye kana zubar da haruffa masu nauyi da masu maimaituwa ta hanyar 'yar guntuwar kalma mai maki, kana adana masu sauƙin haɗuwa: A, E, I, N, R, S, T. Waɗannan bakwai ɗin kaɗai suna ba da kalmomi 11 a Collins, cikinsu akwai RETAINS, RETINAS, NASTIER, STAINER, RETSINA. In ka riƙe shida daga cikinsu, kusan duk abin da ka ɗebo zai haɗa maka wata kalma. Kuma in ta haɗu, ina za ka sa ta? Sau da yawa sai ta gefen wata kalma, ta hanyar masu harafi biyun nan, ko ta ƙugiya. Ɗan wasa nawa ne ke zaune da kalma mai harafi bakwai a hannu ya rasa masauki, alhali masaukin na kallonsa, don bai san cewa AE ko OU kalma ba ce? Game da S kuwa, guda 4 ne kawai, farar ƙwaya marar harafi kuma 2. Shawarata kada ka kashe S sai in zai ƙara maka maki kamar 8 zuwa 10 a kan abin da za ka samu ba tare da shi ba, farar ƙwaya kuma ka adana ta don babban kamu.

Wannan salon ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A watan Nuwamba na 2015, a birnin Perth na Ostareliya, Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya doke Lewis Mackay na Ingila wasa huɗu ba ko ɗaya a zagayen ƙarshe, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kofin duniya na Scrabble na Turanci. Bayan nasarar, abin da jaridun waje suka fi tsayawa a kai game da 'yan wasan Najeriya shi ne yadda suke fifita gajerun kalmomi ko da doguwa na nan, don su riƙe haruffa masu kyau kuma kada su buɗe wa abokin karawa gidaje masu ninki.

Batun ma'ana kuwa: doka ba ta ce sai ka sani ba. Ba wanda zai tsayar da wasa ya ce ka fassara. Nigel Richards, ɗan New Zealand, ya ci kofin duniya na Scrabble na Faransanci a 2015 alhali ba ya jin Faransanci; ƙamus ɗin ya haddace. 'Yan Tailan biyu sun ci na Turanci, Panupol Sujjayakorn a 2003 da Pakorn Nemitrmansuk a 2009, daga ƙasar da Turanci ba shi ne harshen gida ba. Duk da haka ni ina ba ka shawarar ka san ma'anar masu harafi biyu da uku, ko da a taƙaice, saboda dalilai biyu. Abin da ka san ma'anarsa ya fi zama a kai. Sannan sanin ko kalma suna ce ko aikatau shi ke gaya maka ko za ta karɓi S, ko ED, ko ING. Wanda ya san XU kuɗin ƙasar Biyetnam ne da jam'insa ba ya canzawa, ba zai yi gangancin ƙara masa S ba. Kai da kake son Turanci ma, wannan ɓangaren zai yi maka daɗi.

Wajen atisaye, ka saba da jera haruffa bisa tsarin abacada, ka tambayi kanka kalma nawa ke ciki. A, E, T suna ba da biyar: ATE, EAT, ETA, TAE, TEA. O, P, S, T suna ba da shida: OPTS, POST, POTS, SPOT, STOP, TOPS. Yanka kwali ƙanana, ka rubuta haruffan a fuska ɗaya da adadin amsoshin, amsoshin kuma a bayansa. Wanda ka ci ka ware shi gefe, wanda ya kayar da kai ka mayar da shi sama ya dawo maka gobe. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku ranar Asabar. In kana da kwamfuta, manhajar Zyzzyva aikinta ke nan, Quackle kuma za ta duba wasan da ka buga ta nuna maka inda ka bar maki. A shafin Woogles za ka samu abokan karawa kyauta, ka dai tabbata Collins ka zaɓa. Ku kuma a ɗakinku ku daidaita tun kafin a ɗebi ƙwaya: wane ƙamus, kuma mene ne hukuncin wanda ya ƙalubalanci kalma ta fito daidai. A yawancin gasannin da ake bin Collins maki 5 ake ba mai kalmar, a tsarin Amurka kuwa mai ƙalubalen ne ke rasa zagayensa. Rashin yanke wannan tun farko shi ke kawo rigima a tsakiyar wasa.

Idan kana taɓa Wordle a waya, wasan da Josh Wardle ya fitar a 2021 jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022, to can kalmomi masu haruffa iri ɗaya tarko ne, ba taimako ba. Kalma mai harafi biyar ake nema, damarka shida. A ce ka gano ƙarshenta IGHT ne. Kana da FIGHT, LIGHT, MIGHT, NIGHT, RIGHT, SIGHT, TIGHT, EIGHT, kuma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya damarka za ta ƙare kafin su ƙare. Sai ka sadaukar da zagaye ɗaya ka buga kalma irin FILMS, wadda ka san ba ita ce amsa ba, amma za ta gwada maka F da L da M da S a lokaci guda. Haka za ka yi da dangin BATCH, CATCH, HATCH, LATCH, MATCH, PATCH, WATCH. Sai dai in ka kunna tsarin nan mai tsauri da ke tilasta maka amfani da haruffan da ka riga ka gano, wannan dabarar ba za ta yiwu ba, dole tun a zagaye na biyu ka guji kalmar da za ta jefa ka cikin irin wannan dangi.

A makon nan dai aikinka 127 ɗin nan ne, da shafin haramtattun da Hausa za ta riƙa raɗa maka. In kun zauna wasa na gaba, kafin ka nemi kalma a hannunka, fara duba gefen kowace kalma da ke allo, sama da ƙasa, ka tambayi kanka wane harafi ne zai iya kwanciya a nan. Mako na biyu ka shiga J, Q, X, Z masu harafi uku da kalmomin zubar da wasula, sauran masu harafi ukun kuma ka bi su ta ƙugiya, kalma biyar ko goma a rana.